Shin 'yancin addini ne ya kai 'yan Furitan Amurka?

Tambaya: Ni malamin tarihi ne a makarantar sakandare. Muna koya wa ɗalibai cewa 'yan Furitan sun bar Ingila ne saboda ana tsananta musu a kan addininsu. To, me ya sa da suka samu ƙasa tasu a Amurka suka riƙa korar masu saɓa musu, har da rataye wasu? Mene ne ainihin abin da suka yi imani da shi, kuma yaya zamansu ya kasance?

Amsa: Malam, abin da ya ɗaure maka kai ya ɗaure wa mutane da yawa, kuma tushen ruɗanin yana cikin kalmar 'yanci. Abin da 'yan Furitan suka tsallaka teku suna nema shi ne damar su bauta wa Allah yadda suka tabbata Littafi Mai Tsarki ya umarta, kuma su kafa al'ummar da za ta tsaya a kan wannan tafarki ɗaya. Ba su taɓa yin alkawarin cewa kowa zai bi abin da zuciyarsa ta raya masa ba. Ɗaya daga cikin malamansu, Nathaniel Ward, ya rubuta a 1647 cewa masu wata fahimta dabam suna da cikakken 'yanci, wato 'yancin su yi nesa da su. Saboda haka a wurinsu babu karo tsakanin gudun da suka yi da korar da suka yi, duka biyun abu guda suke karewa.

Asalin maganar yana Ingila. A 1534 Sarki Henry na takwas ya raba cocin ƙasarsa da Fafaroma, kuma a 1559 'yarsa Sarauniya Elizabeth ta ɗaya ta daidaita cocin a kan tsarin Furotesta, amma ta bar abubuwa da dama na da: muƙamin bishop, farar rigar limamai, durƙuso wajen karɓar Jibin Ubangiji, yin alamar gicciye a goshin jariri lokacin baftisma, da zoben aure. Wasu malamai da mabiyansu, waɗanda da yawansu suka sha karatun John Calvin na Geneva, suka ce gyaran ya tsaya a rabin hanya. Ƙa'idarsu ita ce duk abin da nassi bai yi umarni da shi a cikin ibada ba bidi'a ce, ko da ya shekara dubu ana yin sa. Abokan hamayyarsu ne suka laƙaba musu sunan Furitan, ma'ana masu da'awar tsarkakewa, kuma da gatse aka faɗe shi. Su kansu sun fi kiran junansu masu tsoron Allah.

Akwai bambancin da littattafan makaranta kan tsallake, kuma yana da kyau ɗalibanka su san shi. Mutanen da suka shiga jirgin Mayflower a 1620, fasinjoji 102, suka kafa Plymouth, jagororinsu 'yan a-ware ne da suka yanke ƙauna daga cocin Ingila gaba ɗaya, har suka yi zaman gudun hijira na sama da shekara 10 a birnin Leiden na ƙasar Holan. Yawancinsu talakawa ne, kusan rabinsu sun mutu a hunturun farko, kuma garinsu bai taɓa girma sosai ba. Babbar ƙaurar ta zo ne bayan Sarki Charles na ɗaya ya rufe majalisa a 1629, William Laud kuma, wanda ya zama babban bishop na Canterbury a 1633, ya matsa wa masu wa'azin Furitan lamba. A 1630 wani lauya mai dukiya, John Winthrop, ya jagoranci jiragen ruwa 11 zuwa Massachusetts, suka kafa Boston, kuma kafin 1640 kimanin mutum 20,000 sun biyo baya. Waɗannan ba su ce sun fita daga cocin Ingila ba, cewa suka yi za su nuna mata yadda ake yi. Sun zo da matansu da 'ya'yansu da barorinsu, sun kuma yi dabarar ɗauko takardar izinin da sarki ya ba kamfaninsu suka taho da ita, abin da ya ba su damar mulkin kansu nesa da idon Landan na tsawon shekara 50 da ɗoriya.

Game da aƙida, ginshiƙin farko shi ne cewa tun faɗuwar Adamu ɗan Adam lalatacce ne har ƙashinsa, ba ya iya yin wani aikin da zai sa ya cancanci ceto. Ginshiƙi na biyu shi ne Allah, tun kafin ya halicci duniya, ya zaɓi waɗanda zai ceta da alherinsa, ya bar sauran ga hukuncin da ya dace da su, kuma babu addu'a ko sadaka ko hawaye da za su canja wannan jeri. Mai karatu Bahaushe zai ce ai wannan ƙaddara ce, kuma kalmar ta yi kusa, sai dai a nan maganar ta taƙaita a kan tambaya ɗaya mai zafi: ina cikin zaɓaɓɓu ko ba na ciki? Mutum zai zaci irin wannan imani zai sa a naɗe hannu, tunda an riga an gama rubutu. Akasin haka ne ya faru. Tunda malamansu sun koyar da cewa wanda aka zaɓa yakan ga alamun alherin a rayuwarsa, sai kowa ya zama mai binciken kansa dare da rana. Suna ajiye littafin da suke rubuta zunubansu da shakkunsu, suna auna ko nadamar jiya ta gaskiya ce ko tsoron wuta ne kawai, kuma abin mamaki, wanda ya cika sakankancewa cewa ya tsira ana ganin wannan sakankancewar alama ce ta munafunci. A ganina wanda bai fahimci wannan fargaba ba ba zai fahimci komai game da su ba, domin ita ce ke ƙarƙashin ƙwazonsu da kuma tsananinsu.

Ginshiƙi na uku, wanda ya fita daga zuciya ya shiga kasuwa da kotu, shi ne alkawari. Sun karanta Tsohon Alkawari suka ga yadda Allah ya ƙulla yarjejeniya da Bani Isra'ila, yana yi musu albarka idan sun bi, yana saukar da fari da annoba da takobi idan sun kauce, sai suka ɗauka cewa su ma suna cikin irin wannan yarjejeniya a matsayin al'umma. A wa'azin da Winthrop ya yi wa matafiyan a 1630 ya ari hoton birnin da ke kan tudu daga Bisharar Matiyu, kuma 'yan siyasar Amurka na wannan zamani suna yawan ambaton kalmar da alfahari, alhali shi gargaɗi yake yi. Abin da ya ce shi ne idanun duniya suna kansu, kuma idan suka ci amanar Allah a wannan aiki zai janye taimakonsa su zama abin labari da abin ba'a. A wa'azin nan dai ya ce dole su haɗe kamar mutum ɗaya, mai hali ya rage abin da ya yi masa yawa domin biyan buƙatar wanda ba shi da shi. Idan ka ɗauki wannan da gaske, to zunubin maƙwabcinka ya daina zama nasa shi kaɗai, domin wake ɗaya ke ɓata gari, kuma fushin da zai sauka ba zai tambayi gidan wa aka yi laifin ba.

A kan wannan suka gina coci. Kowace ikilisiya tana tsaye da ƙafarta, mambobinta ne ke rubuta alkawarinsu, su zaɓi fastonsu, su kore shi idan ta kama, babu bishop a sama, kuma an rubuta wannan tsari a taron da aka yi a garin Cambridge na Massachusetts a 1648. Amma shiga cikin mambobin ba abu ne mai sauƙi ba. Tun daga tsakiyar shekarun 1630 sai mutum ya ba da labarin yadda alherin Allah ya yi aiki a zuciyarsa, a yi masa tambayoyi, jama'a su gamsu, sannan a karɓe shi. Kowa a gari dole ya halarci sujada, kowa kuma yana biyan kuɗin ɗaukar nauyin fasto, amma waɗanda aka karɓa ne kaɗai ke cin Jibin Ubangiji. Daga 1631 kuma su kaɗai ne, mazansu, ke da ƙuri'ar zaɓen gwamna da mataimakansa.

Duk da haka kuskure ne a ce malaman addini ne ke mulki. Fasto ba ya riƙe muƙamin gwamnati, ba su kafa kotunan coci irin na Ingila ba, kuma korar mutum daga ikilisiya ba ta tuɓe shi daga kujerarsa ta mulki. Har aure sun ce ba aikin coci ba ne tunda nassi bai ɗora wa limami shi ba, alƙali ne ke ɗaura shi, kotu kuma tana iya raba shi saboda zina ko gudun miji, a lokacin da saki ya kusan zama abin da ba ya yiwuwa a Ingila. Malamai suna ba da shawara, ana kuma jin maganarsu sosai, amma sanda tana hannun alƙalai waɗanda ake zaɓa duk shekara. Garuruwa ma da alkawari ake kafa su. Mutanen Dedham sun sa hannu a nasu a 1636, inda suka yi alwashin zama cikin ƙauna da sasanta rigima a tsakaninsu, kuma a takardar nan dai suka yi alwashin nisantar da duk wanda ra'ayinsa ya saɓa da nasu. Taron gari da ake yabawa a matsayin tushen dimokuraɗiyyar Amurka daga nan ya fito, da ƙofarsa a rufe.

Zaman yau da kullum ya bi wannan layi. Ranar hutu tana farawa daga faɗuwar rana ta Asabar, babu aiki, babu tafiya, babu wasa, sai sujada biyu a ɗakin taron da babu hoto, babu kayan kiɗa, babu wutar jin ɗumi ko a tsakiyar hunturu, ana rera Zabura da baki kawai, wa'azi kuma yakan wuce sa'a guda. Kwamiti ne ke raba wurin zama gwargwadon shekaru da dukiya da daraja, maza gefe mata gefe, kuma rigimar wanda aka sa a gaban wa ta cika littattafan garuruwansu. A 1659 suka hana bikin Kirsimeti, tarar sule 5 ga wanda aka kama, domin babu ranar a nassi kuma a Ingila lokacin shaye-shaye ne, dokar ta zauna har 1681. A 1651 suka hana wanda dukiyarsa ba ta kai fam 200 ba sa adon zinariya ko azurfa a tufafinsa. Kasuwa ma ba ta tsira ba: a 1639 aka ci wani babban ɗan kasuwa na Boston, Robert Keayne, tarar fam 200 saboda cin ƙazamar riba, daga baya aka rage, cocinsa kuma ta tsawata masa a gaban jama'a, abin da ya dame shi har ya cika wasiyyarsa da kare kansa. Gwauro ko budurwa ba a yarda su zauna su kaɗai ba, sai an sa su ƙarƙashin wani magidanci, domin gida ne matakin farko na sa ido.

Hoton da aka saba zana su da shi, baƙaƙen kaya da murtuke fuska, ya wuce gona da iri. Suna sa tufafi masu launi, suna shan giya a matsayin abin sha na kullum, maye ne suke hukuntawa. Sun ɗauki kwanciyar aure haƙƙi ne na miji da mata, har cocin Boston ta taɓa korar wani mutum, cikin laifuffukansa har da ƙaurace wa shimfiɗar matarsa na shekara 2. Kundin haƙƙoƙi na 1641, wanda Ward ɗin nan ya tsara, ya hana miji dukan matarsa, ya kuma hana zaluntar dabbobin gida. Dokokin kisa suna nan da ayoyinsu a gefe, amma ba kowacce aka zartar ba. Dokar 1646 da ta halatta kashe gagararren ɗa ba a taɓa kashe kowa da ita ba, ko da yake a 1644 an rataye mace da namiji a Boston saboda zina.

Abin da ya fi daɗewa cikin gadonsu shi ne makaranta, kuma dalilinsa na addini ne tsantsa: wanda bai iya karatu ba ba zai karanta nassi da kansa ba. Shekara 6 kacal da sauka suka kafa kwalejin da ta zama Harvard, a 1636, don kada coci ta faɗa hannun jahilan limamai idan na farko suka mutu. A 1640 injin ɗab'insu na Cambridge ya fitar da littafin Zabura, littafi na farko da aka buga a yankunan Ingila na Amurka ta Arewa. Dokar 1642 ta ɗora wa iyaye da iyayen gida koya wa yara karatu, ta 1647 kuma, wadda ta buɗe da cewa babbar dabarar Shaiɗan ita ce raba mutane da sanin nassi, ta ce duk garin da ya kai gida 50 ya ɗauki malami, wanda ya kai 100 ya buɗe makarantar da za ta shirya yara shiga kwaleji.

Matsalar ita ce wanda ka koya wa karanta littafi da kansa yana iya karanto abin da ba ka so. Roger Williams malami ne ɗan Furitan da ya fi su tsanani wajen neman tsarkin coci, kuma wannan tsananin ne ya kai shi ga cewa gwamnati ba ta da hurumin hukunta mutum a kan abin da ke tsakaninsa da Allah, domin tilasta wa wanda bai tuba ba yin ibada ƙazantar da ibadar ce. Ya ƙara da cewa sarkin Ingila ba shi da ikon kyautar da ƙasar da ke da masu ita. A Oktoba 1635 aka yanke masa hukuncin kora, ya gudu cikin ƙanƙara, ya samu fili daga ƙabilar Narragansett ya kafa Providence a 1636. 'Yancin addinin da ɗalibanka suke nema a labarin nan a Rhode Island yake, wurin korarru, wanda mutanen Boston suke kallo a matsayin juji.

Shari'ar Anne Hutchinson ta fi taɓa jijiya, domin da makaminsu ta yaƙe su. Mace ce mai ilimi, mai taimaka wa mata wajen haihuwa, tana tara mutane a gidanta ana bitar wa'azin fasto John Cotton, har ta fara cewa yawancin fastocin suna koyar da ceto ta hanyar aiki, tunda suna ɗaukar kyakkyawan hali shaidar zaɓi. Zargi ne mai nauyi, kuma yana da ƙanshin gaskiya. A Nuwamba 1637 ta tsaya gaban kotu, Winthrop yana shugabanta, ta yi ta mayar musu da amsa da ayoyi har suka rasa inda za su kama ta, sai da bakinta ta ce Allah ya yi mata wahayi kai tsaye. Wannan ya ishe su. Aka kore ta daga ƙasar, coci ta fitar da ita a Maris 1638, kuma a 1643 aka kashe ta tare da yawancin 'ya'yan da ke tare da ita a wani hari na 'yan asalin ƙasar kusa da inda New York take yanzu. 'Yan ɗariƙar Kwaka, masu cewa hasken Allah yana cikin kowane mutum ba sai da fasto ba, sun fara isowa a 1656, aka bi su da bulala da yanke kunne, a 1658 kuma aka sa dokar kisa ga wanda aka kora ya dawo. Tsakanin 1659 da 1661 an rataye mutum 4 a Boston, cikinsu har da Mary Dyer, tsohuwar ƙawar Hutchinson, sai da Sarki Charles na biyu ya aiko da umarni aka daina.

Waɗanda suka fi kowa ɗanɗana kuɗar wannan alkawari su ne waɗanda ba a sa su a cikinsa ba. Annoba ta share ƙauyukan 'yan asalin ƙasar na bakin teku tsakanin 1616 da 1619, agana ta sake bi a 1633, Winthrop kuma ya rubuta cewa da wannan Ubangiji ya tabbatar musu da mallakar ƙasar. A Mayu 1637 sojojinsu da ƙawayensu na wasu ƙabilu suka cinna wa garin ƙabilar Pequot da ke Mystic wuta, ɗaruruwan mutane suka mutu, da yawansu mata da yara. An kai wasu kamammun tsibiran Karibiyan, jirgin da ya kai su kuma ya dawo a 1638 da auduga da taba da bayi 'yan Afirka. Kundin 1641 da ya kare matar aure shi ne kuma ya halatta bautar da fursunan yaƙi da baƙon da aka sayar musu. Fasto John Eliot ya fassara Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya zuwa harshen 'yan ƙasar a 1663, ya tara waɗanda suka karɓi addinin a garuruwa na musamman irin Natick, amma da yaƙi da Metacom, shugaban ƙabilar Wampanoag, ya ɓarke a 1675 aka kwashe ɗaruruwansu aka tsare a tsibirin Deer cikin hunturu, da yawa suka mutu a can.

Tsarin bai rushe da bugu ɗaya ba, 'ya'yansa ne suka fara sassauta shi. Yaran da aka haifa a can, waɗanda ba su ga Laud ba kuma ba su sha wuyar teku ba, da yawansu mutanen kirki ne amma ba su da labarin tuba da za su bayar, don haka ba su zama cikakkun mambobi ba, jikoki kuma suka tashi babu baftisma. A 1662 taron malamai ya yarda a yi wa jikokin baftisma ba tare da an ba iyayensu Jibin Ubangiji ba, masu adawa suka kira shi rabin alkawari. A 1684 Landan ta soke takardar izinin, sabuwar da ta zo a 1691 ta ɗora ƙuri'a a kan dukiya maimakon zama mamban coci, ta kawo gwamnan da sarki ke naɗawa, ta kuma ba sauran 'yan Furotesta damar ibada.

Cikin wannan rashin tabbas, ga yaƙi da Faransawa da 'yan ƙasar a iyakar arewa, aka yi abin da ya faru a Salem a 1692. Yara mata biyu a gidan fasto Samuel Parris suka fara faɗuwa suna ihu, aka ce maita ce, zargi ya bazu har ya kama sama da mutum 150. Imani da maita ba nasu ba ne su kaɗai, Turai ta kashe dubbai a kansa, amma kotun Salem ta karɓi shaidar wanda ya ce kurwar wane ce ta zo ta shaƙe shi, shaidar da babu yadda za a ƙaryata. Wanda ya amsa laifi ya ambaci wasu yakan tsira da ransa, wanda ya ƙi yin ƙarya a gaban Allah shi ake ratayewa. An rataye mutum 19, mata 14 da maza 5, cikinsu har da wani tsohon faston ƙauyen, an kuma danne wani tsoho, Giles Corey, da duwatsu har ya mutu saboda ya ƙi yarda a yi masa shari'a. Wani babban faston Boston, Increase Mather, ya rubuta cewa gara mayu 10 su kuɓuta da a hukunta marar laifi ɗaya, Gwamna William Phips ya rushe kotun a Oktoba. A Janairu 1697, ranar da aka keɓe don azumi da neman gafarar al'umma, ɗaya daga cikin alƙalan, Samuel Sewall, ya miƙe tsaye a cocinsa a Boston, fasto yana karanta takardar da ya rubuta yana ɗaukar laifin da kunyar a kansa. A 1711 gwamnati ta wanke sunayen da yawa daga cikin waɗanda aka hukunta ta biya iyalansu diyya, amma harajin ɗaukar nauyin coci bai bar dokokin Massachusetts ba sai a 1833.